Ɗan Yatsan da Auta Ta Ɗaga

Tun ranar da Auta ta ɗauki hutu ba ta huta ba.

A kamfanin manyan motocin dakon kaya take aiki, ita ke raba wa direbobi hanya: wane ya ɗauki kayan wane, ya bi ta ina, ya sauke a wace ƙofa. Teburinta na bakin taga, inda take hango filin da motocin ke kwana. Babu direban da ba shi da lambarta, don ita da kanta ta rarraba musu tun tana sabuwar zuwa, tana neman a san da ita. To, an sani. Taya ta fashe, a kira Anti, sunan da suke kiranta da shi ke nan. Mai gadi ya ƙi buɗe ƙofa, a kira Anti. Akwai wanda matarsa ta haihu, sai da ya shaida wa Anti kafin ya kira uwarsa.

Tana da wata ɗabi'a da duk ofishin ya sani. In waya na kunnenta ka zo mata da magana, ko kallonka ba ta yi, ɗan yatsa ɗaya take ɗaga maka, wato dakata. Direbobi har kwaikwayonta suke yi in ta ba da baya. Ita kuwa ba ta ma san tana yi ba.

Hutun nan ba don gajiya ta neme shi ba, don Kafinta ne. Sun haɗu lokacin da ya zo kafa kantoci a ofishinsu, kuma tun daga ranar zuciyarta ta zauna a kansa ta ƙi motsi. Mama kuwa ko sunansa ba ta son ji. Cewa take me za a yi da mutumin da ƙurar katako ba ta rabuwa da girarsa, alhali ga Manaja, shugaban Auta a ofis, mai zuwa gaisuwa da mota yana ƙamshi, wanda ya ɗauki Yayanta aikin tuƙi ba tare da an roƙe shi sau biyu ba. Kullum sai ta tuna wa Auta cewa abincin Yaya da na iyalinsa a hannun wannan bawan Allah yake.

Baba bai taɓa cewa e ko a'a ba. Sai da Auta ta yi ta kuka tana kai masa ƙorafi har ya gaji, sannan ya ce yaron ya zo ranar Asabar da yamma ya gan shi, sau ɗaya. Duk gidan an san Baba ba ya magana biyu.

Da jin haka Kafinta ya sallami ma'aikatansa, ya rufe shago, ya ba masu jiran kujeru haƙuri, don dai ya samu kwanakin nan tare da ita kafin Asabar. Abin da ya samu shi ne gefen fuskarta da waya manne a kunne.

Ranar Alhamis abin ya kai shi maƙura. Suna zaune a wani lambu kan benci, ya sayo musu lemo mai sanyi, ya fara faɗa mata abin da yake shirin gaya wa Baba. Bai kai tsakiyar zancen ba waya ta ɗauki kuka. Manaja ne, wai ina takardun motar da za ta tashi gobe. Ta gama da shi, wani direba ya shigo, sai kuma Manaja ya sake dawowa. Da Kafinta ya buɗe baki, sai ga ɗan yatsa a gaban hancinsa.

Ya jira har lemon ya huce. Da ta sauke wayar ta ga ya yi kicin-kicin da fuska.

"Auta, ni na rufe shagona. Ke me kika rufe?"

Ta ce ya yi haƙuri, ai gaggawa ce.

"Jiya gaggawa, shekaranjiya gaggawa. Kamfanin nan kafin a haife ki motocinsa a ƙasa suke tafiya ko a sama? Mutumin nan ya san kina hutu, ya san dalilin hutun, shi ya sa ba ya barinki ki numfasa. Ke kuma kina jin ƙarar wayar jikinki na rawa."

Maganar ta yi mata zafi don akwai gaskiya a cikinta. Ta hau shi da faɗa, ta ce kishi ne ke damunsa, shi da yake da katakon da ba ya kiran kowa ina zai san nauyin da ke kanta. Ya bar ta ta zazzage tas, sannan ya ce abu ɗaya yake roƙo: ranar Asabar kada ya ga wayar nan, kada ya ji kukanta. Yamma ɗaya aka ba shi, kuma ba zai raba ta da direbobi ba.

Hawaye ya zubo mata. Ta rantse masa da Allah za ta kashe ta.

Kuma ta yi niyyar cikawa. Washegari da sassafe ta je ofis ta zaunar da Mai Sito, dattijon da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, ta damƙa masa komai, mota bayan mota. Ta aika wa direbobi saƙo cewa daga yau har ta dawo, shi za su nema. Sannan ta shiga wurin Manaja ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce don Allah Yallaɓai kada a kira ta gobe ko me ya faru.

Manaja ya jingina da kujera yana murmushi. Ya ce ai ba komai, ta je ta huta, sai dai ta sani ofishin nan ita ce, in babu ita babu su.

Ta fito tana tsaki a fili, amma can cikin ranta maganar ta yi mata daɗi, kamar yadda take yi mata kullum. Manaja ya daɗe da gano inda sukarin Auta yake.

*

Ranar Asabar tun da hantsi ta kashe wayar, ta cusa ta ƙarƙashin kayan sawa a can ƙasan durowa. Hannunta ya yi ta kaiwa aljihu shi kaɗai yana dawowa, sabo turken wawa.

Kafinta ya zo a kan lokaci, cikin kaya masu guga, an wanke girar nan tas. Aka shigar da shi falon Baba, aka kai shayi. Auta ta laɓe a bayan labule tana saurare.

Baba ya yi masa tambayoyi masu nauyi, a hankali, ɗaya bayan ɗaya: iyayensa, sana'arsa, inda zai ajiye mace, abin da yake yi in ransa ya ɓaci. Kafinta ya amsa bai ƙara gishiri ba. Can sai ta ji Baba ya yi 'yar dariya, ta leƙa ta ga ya cire tabarau ya ajiye a hannun kujera. Duk wanda ya tashi a gidan ya san Baba ba ya cire tabarau sai a gaban wanda ya kwanta masa a rai. Daɗi ya kusa kashe ta a tsaye.

Baba ya ɗaga murya ya ce Auta ta shigo. Ta shigo kanta a ƙasa, ta zauna kan darduma kusa da ƙofa.

Ko gyara zama ba ta gama yi ba, sai ga Mama ta ɗaga labule da tata wayar a hannu.

"Manajanki ne. Ya ce taki a kashe take, kuma maganar ba ta jira."

Auta ta ji idon Kafinta a kanta. Ta karɓa ne kawai don ta ce tana hutu ta kashe, wallahi abin da ta shirya ke nan a bakinta. Amma Manaja bai ba ta fili ba. Murya na rawa ya ce motar sanyi mai ɗauke da magungunan asibiti ta ɓace tun safe, direban ba ya ɗaukar waya, in injin ya tsaya kayan sun lalace, marasa lafiya na jira. Ya faɗi lambar motar.

Lambar nan ita ta gama da Auta. Ta san motar, ta san direban, ta san wayarsa ba ta riƙe caji, ta san yana da wani layi na ƙaninsa da babu wanda ya haddace sai ita. Minti ɗaya ne, ta ce a ranta. Ta juya gefe kaɗan, ta danna lambar da ka, ba a ɗauka ba, ta kira mai shayin da direban ke tsayawa wurinsa. Falon ya gushe daga idonta. Tana kan teburinta na bakin taga, muryarta ta koma ta ofis, mai kaifi, mai ba da umarni.

Daga gefe ta ji wata murya tana yi mata magana, kamar dai yadda ake zuwa kanta da magana kullum tana tsakiyar aiki. Ba ta waiga ba. Ta ɗaga ɗan yatsa.

Muryar ta yi shiru, ita kuma ta ci gaba.

Da ta samu direban daga ƙarshe, ya ce mata lafiya lau yake, ta sauke ajiyar zuciya ta juyo da murmushi tana cewa an same shi. Murmushin ya daskare a fuskarta. Kujerar Kafinta babu kowa, shayinsa na nan ko kurɓa bai yi ba. Mama ta ɓace. Baba na mayar da tabarau a fuskarsa.

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi tsoro.

"Cewa na yi na ji nasa, saura naki. Na tambaye ki, Auta, kina son yaron nan? Kika ba ni amsa da yatsa."

Ta saki wayar a kan darduma.

"Baba, wallahi ban san kai ne ba. Ban ji ba, ban..."

"Na san ba ki ji ba, ai shi ne abin. Na haife ki, na yi furfura, yau a falona, a gaban baƙo, 'yar cikina ta ce in dakata. Yaron ya jira, ya ga ba ki da niyyar dawowa, ya durƙusa ya yi mini sallama. Ya fi ki kunya."

Ta rarrafa ta kama ƙafarsa tana kuka, tana roƙon ya sake kiransa. Baba ya janye ƙafar ya miƙe. Ya ce yamma ɗaya ya yi alkawari, kuma ya cika.

*

Ta shiga ɗaki ta zazzage durowar ta kunna wayar. Ta kira Kafinta, ba a ɗauka ba. Sai ta kira Mai Sito, don ta huce a kansa, ta ji yadda aka yi mota ta ɓace yana zaune.

Dattijon ya yi mamaki. Ya ce wace mota ce ta ɓace? Tun kafin azahar direban ya kira shi ya ce ya isa, yana layin sauke kaya, injin sanyi na aiki. Shi da bakinsa ya shaida wa Manaja, Manaja ya ce madalla, har ya sallame shi ya tafi gida da wuri.

Auta ta zauna a bakin gado. Kukan ya tsaya cak. Ba ta taɓa faɗa wa Manaja ƙarfe nawa Kafinta zai zo ba. Amma kiran ya shigo daidai lokacin da aka zaunar da ita a gaban Baba, kuma ta wayar Mama. Lallai da ɗan gari akan ci gari.

Ta sami Mama a kicin tana wanke kofuna, hankalinta kwance.

"Mama, ke kika faɗa masa lokacin."

Mama ko musu ba ta yi ba. Ta ce ita ta faɗa, kuma da za a sake da ta sake, don uwa ba ta ganin 'yarta za ta faɗa rami ta naɗe hannu. Ta kawo zancen Yaya da aikinsa, ta kawo zancen gidan haya da ƙurar katako.

"Ƙarya ya shirya mini, Mama! Babu motar da ta ɓace. Mutumin da kike so in aura ke nan, wanda zai yi ƙarya da marasa lafiya don ya kunyata ni a gaban ubana. Ke kuma kika ɗauko masa wuƙar kika kawo har falo."

Mama ta kife kofi a kwando ta juyo ta dube ta sama da ƙasa.

"Na miƙa miki waya, ban ɗaure miki ita a kunne ba. Da kin ce kina hutu, wa zai dake ki? Yatsan kuma ni na ɗaga miki shi? Ki daina neman wanda za ki jingina wa, yarinya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Gaskiyar maganar ta ƙara tunzura Auta. Tana tsaye wayar ta ɗauki kuka a hannunta. Manaja ne, da muryar nan tasa mai santsi, wai ya kira ya yi godiya, ta ceci kamfani, kuma gobe zai shigo ya gaida Baba.

Ta ce masa ta yi magana da Mai Sito. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, in ya ga dama ya kori Yaya, ya kore ta, ya kori mai gadi ma, amma ƙafarsa kada ta sake taka ƙofar gidansu da sunanta. Mama na salati tana tafa hannu, Auta ta jefa wayar a jaka, ta ja mayafi ta fice.

*

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa shagon. Ƙofa ɗaya ce a buɗe. Yana ciki shi kaɗai, bai ko cire kayan gugar ba, ya naɗe hannun riga yana yanka katako da zarto kamar katakon ne ya yi masa laifi. Ƙura ta riga ta koma girarsa. Tsohuwar wayarsa na kan teburin aiki, tsakanin guduma da gwangwanin ƙusoshi.

Ta yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Ta zayyana masa komai cikin kuka: ƙaryar Manaja, hannun Mama, abin da ta faɗa wa mutumin. Ta zaci zai huce. Sai ya ajiye zarton da ƙarfi.

"Kina nufin da motar ta ɓace da gaske, da abin da kika yi daidai ne?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Ni Manaja bai dame ni ba, Auta. Namiji ne kamar ni, in takara ce mu yi. Abin da ba zan iya da shi ba shi ne daɗin da kike ji in an ce babu ke babu su. Na ga fuskarki yau. Tun da muke ban taɓa ganin ta yi haske a kaina yadda ta yi a kan motar nan ba. Mahaifinki ya cire tabarau saboda ni. Kalma ɗaya ta rage, daga bakinki, kika bar ni zaune kamar wanda ya zo karɓar takardar kaya."

"Na yi laifi. Ka hukunta ni yadda kake so, amma kada ka ce ba na sonka."

"Ni ban ce ba. An tambaye ki, ba ki ce komai ba."

Ta durƙushe a kan ƙurar katako tana sheshsheka. Ta ce tun tana ƙarama a gidansu ita ce wadda ake aike, ba wadda ake tambaya ba, sai a ofishin nan ne aka fara nemanta da shawara, ta riƙe abin da hannu biyu har ya riƙe ta. Bai katse ta ba. Ya jawo benci ya zauna yana kallonta, fushin na nan a idonsa, amma duk hankalinsa na kanta.

Sai wayarsa ta fara kuka a kan tebur.

Idon Auta ya kai kanta kafin nasa. Babu suna, lamba ce tsirara, amma haddace lamba ai sana'arta ce. Ta miƙe zumbur.

"Baba ne. Lambar Baba ce, ka ɗauka."

Ko motsi bai yi ba.

"Don girman Allah ka ɗauka! Baba ba ya kira sau biyu. Wataƙila ya sauko ne, wataƙila..."

"Wataƙila. In mun gama zan je har gida in durƙusa in ba shi haƙuri. Yanzu ina tare da mutum."

Ta tsaya tana kallon wayar tana rawa a tsakanin ƙusoshi, kamar ranta ne ake ja. Wayar ta yi kukanta har ta gaji ta yi shiru. Auta ba ta taɓa sanin ana iya yin haka ba, a bar waya ta mutu don mutumin da ke gabanka. Ta ji haushinsa, ta ji kunyar kanta, ta ji sonsa ya danne duka biyun.

"Tambayar tana nan," in ji shi. "Ba a amsa ta ba."

Ta buɗe baki ke nan, jakar da ke kafaɗarta ta ɗauki ruri. Wataƙila direba ne, wataƙila Yaya ne an riga an kore shi, wataƙila Baba ne ya juyo kanta. Ta ji hannunta na dama ya fara tashi shi kaɗai, yatsan na miƙewa. Ta sa na hagu ta cafke shi, ta matse a ƙirjinta har ya yi mata zafi.

"Ina sonka," ta ce, hawaye na shiga bakinta.

Kafinta ya dubi jakar, ya dubi hannayenta.

"Ban ji sosai ba, akwai ƙara. Bari ta gama, ki sake faɗa."

Wayar ta yanke. Kafin Auta ta ja numfashi, ta sake ɗaukar kuka, kuma shi yana zaune yana jira.